Ɗalibi A Gidan Haya: Amanar Wa Ne A Unguwannin Kaduna?

 

Duk lokacin da aka buɗe sabon zangon karatu, tashar Kawo da ta Mando da tashar jirgin ƙasa ta Rigasa kan cika da samari da 'yan mata riƙe da jakunkuna da katifu a naɗe. Wasu daga Birnin Gwari da Saminaka da Ikara suka fito, wasu daga Katsina da Zamfara da Neja da Filato. Sun zo Jami'ar Jihar Kaduna da ke kan titin Tafawa Ɓalewa, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da ke Tudun Wada da reshenta na Unguwar Rimi, ko Kwalejin Fasaha ta Rundunar Sojan Sama da ke wajen Mando. Ɗakunan kwanan waɗannan makarantu ba sa ɗaukar kowa da kowa. Wanda bai samu gado ba, kuma ba shi da ɗan'uwa a gari, sai ya shiga neman ɗakin haya a Unguwar Rimi ko Malali ko Badarawa ko Kabala ko Hayin Banki ko Badiko ko Kurmin Mashi, ko can cikin Rigasa, gwargwadon ƙarfin aljihun mahaifinsa. Abin da ya kamata mu tambayi kanmu shi ne: daga lokacin da wannan yaro ya fita ƙofar makaranta da yamma, zuwa lokacin da zai sake shigarta da safe, amanarsa tana wuyan wa?

Shekarar 2021 ba za ta gushe daga zukatan iyaye a Kaduna da wuri ba. A daren 11 ga Maris na shekarar, 'yan bindiga suka fasa katangar Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya da ke Afaka, bayan Mando, kan hanyar filin jirgin sama, suka tafi da ɗalibai 39, mafi yawansu mata. Kwalejin tana maƙwabtaka da makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA, wurin da kowa ke ɗauka ya fi ko'ina tsaro a jihar. An sako goma a watan Afrilu, ragowar kuma sai ranar 5 ga Mayu, bayan iyayensu sun yi ta zarya har gaban Majalisar Dokoki ta Ƙasa a Abuja. Kafin ma a sako su, ranar 20 ga Afrilu aka afka wa Jami'ar Greenfield da ke kan hanyar Abuja, kudu da kogi, inda ɗalibai biyar suka rasa rayukansu a hannun masu garkuwa. A watan Yuni aka shiga Kwalejin Nuhu Bamalli da ke Zariya. Ranar 24 ga Agusta kuwa NDA ɗin kanta aka shiga, aka kashe hafsoshi biyu, aka tafi da ɗaya. Zuwa ƙarshen Satumba gwamnatin jiha ta kai ga katse layukan waya a wasu sassa, da hana hawa babura, da taƙaita zirga-zirgar Keke Napep da dare.

Darasin da hukumomi suka ɗauka daga wannan shekara darasin katanga ne. Aka ƙara tsawon shinge, aka ƙara masu gadi a ƙofa, aka rufe wasu makarantu, aka mayar da wasu cikin gari. A ƙarshen 2022 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin samar da kuɗin tsaron makarantu na 2023 zuwa 2026, daga baya kuma aka buɗe cibiyar kula da shi a hedikwatar hukumar Sibil Difens a Abuja. Babu mai hankalin da zai raina wannan. Sai dai katanga tana kare wanda ke cikinta ne kawai, kuma miyagu ba su daɗe ba suka gane hakan. Da asubahin 22 ga Satumba, 2023, 'yan bindiga ba su ko nufi ƙofar Jami'ar Tarayya ta Gusau ba. Sabon Gida suka shiga, ƙauyen da ke daura da jami'ar, suka fasa gidajen haya, suka kwashi ɗalibai fiye da 20, mafi yawansu mata. Bayan kwana 12, ranar 4 ga Oktoba, aka ɗauke ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, su ma daga gidan da suke haya a wajen makaranta.

Adalci ne a faɗa cewa Kaduna ta samu sauƙi idan aka kwatanta da waccan shekara. Tun sulhun da gwamnatin Uba Sani ta yi a Birnin Gwari a ƙarshen 2024, hanyoyi da kasuwannin da suka daɗe a rufe sun sake buɗewa. Ɗalibin da ke zaune a tsakiyar Unguwar Rimi ko Unguwar Dosa ba ya kwana da fargabar a zo a kwashe su gaba ɗaya. Wanda ya fi kusa da wannan haɗari shi ne wanda tsadar haya ta tura can bakin gari, inda gidaje suka ƙare, gona da daji suka fara. Nan ne maganar tsaro ke haɗuwa da maganar aljihu. An ƙara kuɗin makarantun jiha a 2021, an rage na jami'ar da kashi 30 cikin 100 a 2023, amma a wannan shekarar ce aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota da na abinci da na haya suka tashi tare. Bashin karatu na Gwamnatin Tarayya yana bai wa ɗalibi Naira 20,000 a wata don ɗawainiyar kansa. Wanda zai ci, ya hau mota, ya buga takardu daga cikin wannan, dole ya nemi ɗaki mafi araha. Ɗaki mafi araha kuwa galibi shi ne mafi nisa, mafi duhun lungu, mai ƙyauren da ƙafa ɗaya za ta ɓalle.

Amma abin da ke cin ɗalibai a kullum a cikin gari ba ya zuwa da bindiga. Wuƙa yake zuwa da ita, saboda wayar hannu. Mazauna Kaduna sun san sunan 'yan shara da 'yan sara-suka tun ba yau ba, sun kuma san motocin da ake kira wan-cans, waɗanda fasinjojin cikinsu duk bakinsu ɗaya da direba. A watan Yunin 2025, a gadar Kawo, aka daɓa wa wani hafsan sojan ruwa da ke kwas a Jaji wuƙa saboda wayarsa, lokacin da ya tsaya canza taya, ya kuma rasu. Idan haka ta faru da sojan da aka horar, ina ga yarinya 'yar shekara 18 da ta fito daga lacca bayan magariba tana duba saƙo a bakin titi?

A nan akwai wata fahimta da ke buƙatar gyara a tsakanin matasanmu masu kishin addini. Sukan kafa hujja da hadisin da Bukhari da Muslim suka rawaito, mai nuna cewa wanda aka kashe wajen kare dukiyarsa yana da darajar shahada, sai su ɗauka miƙa waya ga ɓarawo ragwantaka ce ko raunin imani. Hadisin ingantacce ne, amma malamai sun yi bayaninsa. Imam Nawawi a sharhinsa na Sahihu Muslim ya bayyana cewa kare dukiya halas ne, ba wajibi ba. Malaman usulu, irin su Gazali da Shaɗibi, da suka jero abubuwa biyar da shari'a ta zo don kiyayewa, rai suka gabatar a kan dukiya. Saboda haka ɗalibin da ya ga wuƙa ya miƙa waya bai saɓa wa komai ba. Abin da ke sa yara kokawa a kan waya shi ne duk rayuwarsu na cikinta: asusun banki, kuɗin makaranta, takardun karatu, lambobin gida. Maganin wannan tun kafin ranar ake yin sa. A kulle layin waya da lambar sirri, a san lambar da banki ya tanada don rufe asusu daga kowace waya, a ajiye takardun karatu a intanet, a rubuta lambobin iyaye da na aboki biyu a takarda a sa cikin aljihu. Wanda ya yi haka, in aka karɓe wayarsa kuɗin waya kaɗai ya rasa.

Sa'annan akwai haɗarin da ke cikin ɗakin kansa, wanda ba a cika kawo shi a maganar tsaro ba alhali yana kisa cikin shiru. An rawaito daga Abu Musa al-Ash'ari cewa wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina, sai Annabi, Sallallahu alaihi wa sallam, ya umarci mutane da su riƙa kashe wuta idan za su kwanta. A hadisin Jabir kuma ya yi umarni da rufe ƙofofi da rufe ƙorai da kashe fitilu. Mu dubi ɗakin ɗalibi na yau da wannan ido. Ga tukunyar gas kusa da katifa. Ga hitar dafa ruwa da aka bari a jone lokacin da aka ɗauke wuta, ta dawo ƙarfe biyun dare kowa na barci. Ga janareta da aka shigo da shi zaure ko baranda don gudun ɓarayi, ga gawayi da ake hurawa a rufe ɗaki lokacin hunturu. Hayaƙin waɗannan biyun yana ɗauke da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana sa barci ya ƙara nauyi har mutum ya wuce bai motsa ba. Ga kuma ƙarafan taga da aka girke don hana ɓarawo shiga, su ne ke hana mai ɗaki fita ranar gobara, musamman a gidan da ake garƙame ƙofar waje da kwaɗo, makulli kuma yana hannun mutum ɗaya. Ɗakin da dillali ya nuna da rani a gefen kogi, a Rafin Guza ko Kigo ko gangaren Kabala, wani abu ne daban a watan Agusta da Satumba. Waɗanda suka ga ambaliyar 2003 ba sa buƙatar a tuna musu, amma baƙon da ya zo daga Funtuwa bai gani ba, kuma dillali ba zai faɗa masa ba.

Kada wani ya ce wannan duk ƙarancin tawakkali ne. A Suratu Yusuf, Annabi Yaƙub ya umarci 'ya'yansa su shiga gari ta ƙofofi daban-daban, a cikin numfashi guda kuma ya bayyana cewa dabararsa ba ta tunkuɗe hukuncin Allah. Manzon Allah ranar hijira ya ɗauki ɗan jagora masanin hanya, ya nufi kudu alhali Madina tana arewa, ya ɓuya kwana uku a kogon Saur, Amir bin Fuhaira yana bin sawu da tumaki yana shafewa. Shi ne kuma ya hana mutum tafiyar dare shi kaɗai, ya ce matafiya uku su naɗa shugaba a cikinsu. Azkar na safe da yamma da addu'ar fita gida garkuwa ne da bai kamata ɗalibi Musulmi ya sake da su ba, amma wanda ya koyar da su shi ne ya koyar da ɗaure raƙumi.

Duk da haka, a ganina, kuskure ne a tattara nauyin nan gaba ɗaya a aza wa yaro. Yawancin nasihohin da ake yi wa ɗalibai, kada ka fita da dare, kada ki shiga motar da ba ki yarda da ita ba, suna ɗauka cewa shi kaɗai ne a duniya. Wannan kaɗaicin kuwa shi ne tushen matsalar. Makaranta ta ce abin da ya faru a wajen katangarta ba nata ba ne. Mai gida yana Abuja ko Kano, bai taɓa ganin fuskar mai hayarsa ba. Dillali ya karɓi la'adarsa ya wuce. Maƙwabta ba su san sunansa ba, 'yan makarantar nan kawai suke cewa. Iyaye suna can nesa suna tsammanin yana hannun hukuma. Ɗalibin da zai kwana uku bai dawo ɗaki ba, ko ya kwana uku a ciki zazzaɓi ya kayar da shi, ba tare da wani ya ƙwanƙwasa ƙofa ba, shi ne wanda ɓarawo da mayaudari da dillalin ƙwaya suke nema.

Rashin wanda ya san ka yana da wata fuska mai ban tsoro. A watan Oktoban 2012, a Aluu ta Jihar Ribas, garin da ɗaliban Jami'ar Fatakwal ke haya, aka yi wa ɗalibai huɗu ihun ɓarayi, taron jama'a suka kashe su. A watan Maris na 2025, a Uromi ta Jihar Edo, aka kashe mafarauta 16 da ke kan hanyarsu ta komawa Kano, a kan zato. Abin da ya haɗa su shi ne babu wanda ya tsaya da ƙarfi ya ce na san su a lokacin da kalmar za ta yi amfani. Mu da muka yi kukan Uromi, wajibi ne mu tsawata wa namu matasan game da ɗaukar doka a hannu, ko da a kan wanda aka kama da wuƙa ne, kamar yadda aka yi wa maharin gadar Kawo. Shari'a ba ta bai wa taron kan titi ikon zartar da hukunci ba, kuma ranar da aka yi kuskure, baƙo ne zai fara biya.

Ba haka Bahaushe ya san zaman baƙo ba. Fataken da suka riƙa kai kanwa da shanu kurmi suna sayo goro, in sun sauka a zangon Salaga ko Kumasi ko Sabo ta Ibadan, akwai fatoma ko mai gida da ke karɓarsu. Shi ke ba su masauki, ya adana kayansu, ya tsaya musu in rigima ta taso, ya kuma ɗauki alhakin halinsu a gaban sarkin zango. Almajirin da aka kawo birni yana da malaminsa, yana da gidan da yake kai ƙwaryarsa, uwar ɗakinsa za ta tambaya in ba ta gan shi ba. Baƙo ba ya kwana a unguwa mai unguwa bai sani ba. Mun riƙe karɓar kuɗin haya, mun saki sauran.

Asalin wannan ɗabi'a kuwa addini ne. Aya ta 36 a Suratun Nisa'i, bayan ta yi umarni da kaɗaita Allah da kyautata wa iyaye, ta jero maƙwabci na kusa, da maƙwabci na nesa, da abokin zama, da matafiyi. Ɗalibin da ke haya a layinku ya shiga uku daga cikin huɗun nan a lokaci guda. Kuma makarantar farko a Musulunci da ɗaliban kwana ta fara. Ahlus Suffa baƙi ne marasa gida da dangi a Madina, suna kwana a rumfar bayan masallaci suna neman ilimi, Abu Huraira na cikinsu. Ba a bar su su ji da kansu ba. Annabi ya riƙa rarraba su ga sahabbai, kowa ya tafi da wanda abincin gidansa zai iya ɗauka. Bukhari ya rawaito daren da Abubakar ya tafi da uku, Manzon Allah ya tafi da goma. Mutanen Madina kuma sukan rataye zangarniyar dabino a masallaci domin su.

Wasu malaman tafsiri sun fassara maƙwabci na nesa da wanda ba addininku ɗaya ba, kuma an rawaito Abdullahi bin Amr yana tambayar iyalinsa ko sun kai wa maƙwabcinsu Bayahude nama. Wannan yana da nauyi na musamman a Kaduna, garin da rikicin 2000 da na 2002 suka sa kogi ya zama kamar iyaka, Musulmi suka fi yawa a arewa, Kirista a kudu. Karatu bai san wannan iyaka ba. Akwai ɗalibai Kirista daga Kafanchan da Zonkwa da ke haya a Unguwar Rimi da Tudun Wada, akwai 'ya'yanmu da ke tsallakawa Barnawa kullum. Ranar da gari ya rikice, kamar dokar hana fita ta awa 24 da aka sa a Kaduna da Zariya a watan Agustan 2024, ɗalibin da ke ɗaki ba shi da ko gwangwanin shinkafa, rayuwarsa tana hannun maƙwabcin da ke bayan bango. Abin da muke fatan a yi wa namu a can, shi ya kamata a tarar muna yi wa nasu a nan.

Maganar ɗalibai mata ta fi ciwo, kuma a nan ne laifinmu ya fi fitowa fili. Malamai sun yi saɓani game da tafiyar mace da zamanta nesa da muharraminta, kowane gida kuma yana da fatawar da yake bi. Amma duk ra'ayin da mutum ya ɗauka, yarinyar da ta riga ta iso layinku da iznin iyayenta amana ce. Abin takaici, a unguwanni da yawa kallon mai zaman kanta ake yi mata tun ranar da ta sauke akwati. Gidajen mutunci su ƙi ba ta haya, sai ta ƙare a gidan da ba a tambayar kowa komai, wato inda ya fi haɗari. In wani ya tare ta a lungu, ko mai kula da gida ya fara ƙwanƙwasa mata ƙofa da dare, ba za ta kai ƙara ba, don ta san tambayar farko ita ce me ya kawo ta. Suratun Nur ta yi tsananin gargaɗi a kan jifan mata kamammu, Suratul Hujurat ta hana mummunan zato da bin diddigin sirrin mutane. Kula da maƙwabci daban, leƙen asirinsa daban. Dattijuwar da za ta ce, 'yata, ban gan ki jiya ba, lafiya, ta kula. Samarin da za su fasa ɗakin mutane da sunan gyaran tarbiyya sun yi ta'adi, ko da carbi ne a hannunsu.

Su ma 'yan matan, akwai abin da ya kamata su sani. A watan Afrilun 2021, a Uyo, an yaudari wata da ta kammala jami'a da tallan aiki a kafar sada zumunta, ta je ganawa, aka kashe ta. Ƙawarta da ta san inda ta nufa ce ta yi kururuwa har aka kama mai laifin, kotu ta yanke masa hukuncin kisa a 2022. Sanar da ƙawa ya kai ga kama shi, amma bai ceci ranta ba. Don haka ganawa da wanda ba a sani ba, ko don aiki ko ciniki ko maganar aure, a yi ta a bainar jama'a, da rana, tare da rakiya. In kuma ƙaddara ta faɗa, akwai cibiyar Salama a asibitin Yusuf Ɗantsoho da ke Tudun Wada, wadda aka tanada don waɗanda aka ci zarafinsu, kuma maganin kariya daga cutar ƙanjamau yana aiki ne idan an fara shi cikin awa 72. Ɓoyewa don gudun abin kunya na iya jawo cutar da ta fi kunyar. Haka nan kowa ya sani cewa dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar agajin gaggawa, dokar 2017 kuma ta wajabta kula da wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112.

Iyaye kuwa, da yawanmu mun san sakamakon jarrabawar ɗanmu na kowane zango amma ba mu taɓa ganin ɗakin da yake kwana ba. Kuɗin mota zuwa Kaduna sau ɗaya bai kai darajar abin da za a gano ba. Uba ya je da kansa, ko ya wakilta baffa ko kawu, ya ga layin bayan isha'i, ba da hantsi kaɗai ba. Ya tambayi masu shago inda ruwa ke kaiwa da damina. Ya yi sallah a masallacin layin, ya kama hannun yaron ya kai shi gaban liman da mai unguwa ya ce ga ɗana, amana. Uwa ta samu wata dattijuwa a layin ta damƙa mata 'yarta. A karɓi lambar abokin ɗaki da ta maƙwabci, domin mayaudara kan bugo wa iyaye cewa ɗansu ya yi haɗari ko yana hannunsu, a turo kuɗi yanzu, alhali yaro yana aji wayarsa a kashe. Wanda yake da lamba ta biyu da zai kira ba a cin kuɗinsa da wannan.

Hukumomin makarantu ba za su wanke hannunsu da cewa abin a waje ya faru ba. Ofishin kula da harkokin ɗalibai zai iya riƙe rajistar inda kowane ɗalibi yake zaune, ya duba gidajen da ake bai wa ɗalibai haya, ya fitar da sunayen waɗanda suka cika sharuɗɗa, kamar yadda jami'o'i da yawa ke yi a Ingila. A Amurka tun 1990 doka ta tilasta wa jami'o'i bayyana alƙaluman laifuffukan da aka aikata a harabarsu da kewayenta kowace shekara, bayan kisan wata ɗaliba a ɗakin kwananta a 1986. Mu a nan ɓoyewa ake yi don kare sunan makaranta, sabon ɗalibi kuma ya faɗa ramin da na bara ya faɗa. Ko tsara jadawali ma tsaro ne: laccar da za ta kai bayan magariba tana jefa ɗaruruwan yara neman abin hawa cikin duhu. Gwamnatin jiha da ta ɗauki 'yan sintiri 7,000 a 2023 ba za ta rasa waɗanda za ta ajiye a mahaɗar da ɗalibai ke sauka ba, da fitilun da ke ci a lungunan da suke bi.

Sai dai abin da ya fi kusa da hannunmu shi ne masallaci. Kaduna ce mazaunin hedikwatar Jama'atu Nasril Islam, ga masallacin Sultan Bello, ga 'yan agajin Izala da na Fityanu da na Jama'atu a kowace unguwa, ga ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN a kowace makaranta, ga FOMWAN a ɓangaren mata. Ba a buƙatar kasafin kuɗi kafin liman ya yi sanarwa a farkon zango cewa ɗaliban da suka tare a layin nan su tsaya bayan sallah a san juna, ko reshen MSSN ya haɗa kowane sabon ɗalibi da wani gida a unguwar da yake zaune. Kwamitin zakka ya tuna cewa matafiyin da guzuri ya yanke masa yana cikin kaso takwas da Suratut Tauba ta ambata, kuma malamai da yawa sun halatta bai wa ɗalibi mabuƙaci.

Mawadatanmu kuma suna da abin koyi a tarihin wannan yanki. Tun ƙarni na 13 mutanen Kanem suka kashe dukiyarsu a Misra aka gina makarantar da aka sani da Madrasatu Ibn Rashiƙ, inda mutanensu ke sauka su yi karatu, daga baya kuma Azhar ta keɓe masauki na musamman ga ɗaliban Borno. Sun fahimci cewa ɗakin kwanan ɗalibi wani ɓangare ne na karatunsa. A yau a wasu layukan Kaduna za ka ƙirga masallatai uku da ke jin kiran sallar juna, ana kuma tara kuɗin na huɗu. Wanda Allah Ya hore wa, ya sayi gida mai ɗaki 20 a kusa da titin Tafawa Ɓalewa ko Tudun Wada, ya yi waƙafinsa ga ɗalibai mata marasa ƙarfi, ya sa dattijuwa mai kula da su da mai gadi a ƙofa, a riƙa karɓar ɗan abin da zai isa gyara da biyan ma'aikata. Kwamitin masallacin unguwar ya riƙe takardun, a rubuta sharuɗɗan waƙafin a gaban shaidu da lauya, don kada magada su mayar da shi kasuwa bayan ransa.